Masaukin Baba a Sinnar

Zan fara da cewa abin da zan ba da labarinsa ya ɗan daɗe, kuma ban amince da tunanina gaba ɗaya ba. Akwai wuraren da nake ganinsu tar, akwai kuma waɗanda ban tabbata ko da idona na gani ba, ko matata ce ta yi ta maimaita mini su har suka zauna a kaina. Inda nake shakka zan faɗa. Sunaye kuwa na bar su da gangan, waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Ƙauyenmu yana kusa da Suki, a cikin gonakin ban ruwa. Mahaifina yana da hawasha, wato gonar da aka yanka masa a cikin tsarin noman, yana shuka auduga da dawa da gyaɗa. Ni ne ɗansa na fari, kuma ni na fara zuwa jami'a a gidanmu. Shekarar da na yi aure aka ba ni aikin koyarwa a wata makarantar sakandare a Sinnar. Aka tsayar da magana amarya ta ci gaba da zama wurin Inna har sai na sami gida.

Wani dillali ɗan yankinmu, wanda ya daɗe a garin, ya nuna mini gidaje da dama, amma biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko yana bayan tashar da motocin boksi na wajenmu, a-kori-kurar nan masu ɗaukar mutane, suke sauke fasinja. Ginin ƙasa ne, ɗaki biyu, da tsakar gida mai faɗi, da rakuba, rumfar nan ta kara da muke zama a ƙarƙashinta da rana, da bishiyar darbejiya a bakin ƙofa. Unguwar ta Hausawa ce, kana tsaye a tsakar gida kana jin hirar mata da Hausa ta kan katanga. Asibiti ma da ƙafa ake zuwa. Sai dai babu famfo, ruwa a amalanken jaki ake saye, kuma ƙasar wurin baƙar laka ce, wadda in an yi ruwa takan cire wa mutum takalmi. Na biyun yana can nesa, wajen madatsar ruwa, a unguwar ma'aikata. Jan bulo ne, da famfo a tsakar gida, da wuta, ga shi kusa da makarantar da zan koyar. Tsakar gidan ce ƙarama, kuma da rana tsaka ba ka jin motsin kowa.

Dillalin ya fi son in ɗauki na farko. Ya ce duk wanda ya sauko daga boksi, ƙofata zai fara gani. Shi yabo yake yi, ni kuwa gargaɗi na ji. Lokacin da nake ɗalibi na taɓa zama a gidan wani ɗan garinmu a Madani, na ga yadda matarsa ba ta zama tun daga asuba, tukunya ta sauka wata ta hau, baƙo ya tafi wani ya shigo da marar lafiya. Na yi tunanin amaryata a cikin wannan hali. Na yi tunanin kaina ma, ina duba takardun jarrabawa mutane jibge a ƙarƙashin rakuba suna hira. Ba zan ce don ita kaɗai na yi tunanin ba.

Na koma na duba gidajen ba sau ɗaya ba. Na je da safe, na je da yamma, na jira aka yi ruwa na je na ga inda yake kwanciya. Na tambayi maƙwabta batun sauro da ɓarayi. Daga baya na ɗauko matata ta gani da idonta. A gidan bayan tasha ba mu gama shiga ba wata maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, suka fara gaisawa, kafin in gama duba rufin ɗaki har sun gano cewa kakanninsu mata daga ƙauye ɗaya suka fito. A gidan unguwar ma'aikata kuwa tsakar gida ta nufa kai tsaye. Ta je ta murɗa famfo, ta tara hannu, ta bar ruwan yana zuba a kansa har na ce ta rufe. Ita ce mai ɗebo ruwa daga tur'a, wato magudanar ban ruwa, a gidansu tun tana ƙarama.

A mota muna komawa na tambaye ta wanne ta zaɓa. Ta ce ni na yi karatu, ni zan zaɓa. Da na matsa mata, sai ta ce:

"Ustaz, in don ni ne, ruwa. In don mutane ne kuma, ai ka ga inda mutane suke."

Ustaz take ce mini tun kafin aure, da ɗan wasa a ciki. Na riƙe rabin farko na maganarta, na bar ɗaya rabin.

Na kuma je wurin Baba. Na same shi a bakin tur'a yana kankare laka daga shebur. Baba mutum ne mai tsananin alkunya da ni, kamar yadda iyayenmu suke yi da ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi magana da ni gefe yake kallo. Na yi masa bayanin gidajen biyu dalla-dalla, wataƙila ma fiye da yadda ya kamata. Ya saurara har na gama, ya ce duk inda ya fi mini sauƙin aiki, Allah ya sa albarka. Na ɗauki wannan a matsayin yarda, kuma har yau ina jin yardar ce.

Muka tare a gidan famfo.

Ba a daɗe ba taubashina, ɗan gwaggona ƙanwar Baba, ya zo Sinnar. Kusan lokaci ɗaya muka yi aure da shi. Bai yi nisa a boko ba, ya samu wani ya ba shi raksha, keken nan mai inji da ƙafa uku, yana ja, yana neman inda zai ajiye iyalinsa. Ni da bakina na gaya masa akwai gida a bayan tasha, na haɗa shi da dillalin. A wasanmu na taubasai ni ne ubangida tunda ni ɗan namiji ne, shi kuma barana. Ranar da ya karɓi makulli ya zo har makaranta ya rusuna a gaban ɗalibaina, ya ce ranka ya daɗe, abin da ubangida ya ƙi bara ya ɗauka, na gode. Muka yi dariya. Ban ji komai ba a ranar, wannan na tabbata.

Watannin farko sun yi mana daɗi. Maƙwabtanmu Larabawa ne ma'aikatan gwamnati, mutanen kirki, ranar da muka tare suka aiko mana da tire na abinci, matansu suka riƙa kiran matata shan jabana, wato gahawa, da hantsi. Ina dawowa daga makaranta in ci abinci, in yi barci, in duba takardu babu mai katse ni. Daga ƙauye babu wanda ya zo. Abin da na nema ke nan, don haka ban lura ba.

Zuwan Baba na farko a damina ne, ina jin wani abin injin feshi ya zo saye, ko kuma wata magana ce ta ofishin noma, na manta. Boksinsu ya makale a laka a hanya, bai shigo ba sai dab da magariba, ana yayyafi. Taubashina yana tasha yana jiran fasinja, ya gan shi, ya ɗauki jakarsa ya shige da shi gida. Ni sai da safe na ji. Ya kira ni a waya ya ce, ranka ya daɗe, tsohonka yana hannuna, sai ka zo da abin fansa.

Ana tashi daga makaranta na tafi. Tun daga ƙofa na ji dariyar Baba. Na ɗan tsaya, domin ban san wannan dariyar ba. Yana kishingiɗe a kan angarib, gadon katako mai saƙar igiya, a ƙarƙashin rakuba, kofin shayi a hannu, taubashina yana kwaikwayon wani fasinja, Baba yana buga cinya. Tsakaninsa da ɗan ƙanwarsa babu kunya. Ina yin sallama ya gyara zama, ya ajiye kofin, ya amsa yana kallon gefe. Na ce ya zo mu tafi gida. Ya ce ya gama abin da ya kawo shi, bayan azahar zai koma. Kafin ya tafi ya sa taubashina ya biyo da shi ta gidana. Ya tsaya a tsakar gida, matata ta durƙusa ta gaishe shi, ya sha ruwa a tsaye, ya yi mana addu'a mai tsawo, ya fita.

Na ce a raina wani zuwan a wurina zai sauka. Ban gane an riga an gama magana ba.

A wurinmu, gidan da mutum ya fara ajiye kayansa a wani gari shi ne masaukinsa, ba ya canzawa sai da faɗa ko mutuwa. Wanda ya bar masaukinsa ya koma wani, kamar ya ce wa duniya ne ya ga abin da bai gamshe shi ba a gidan. Tsofaffinmu suna cewa haka kakanni suka zo daga yamma a kan hanyar Makka, kowane gari da gidan da suke sauka, ɗa ya gaji masaukin ubansa. Na san wannan tun ina yaro. Abin da ban taɓa kawowa ba shi ne zai hau kan uba da ɗansa. Na zaci gidan ɗa ba ya cikin lissafi.

Baba ya sake zuwa, ya sauka a can. Limamin ƙauyenmu ya zo ganin likita, ya tambayi inda Baba yake sauka, ya sauka a can. Mata masu zuwa awo, masu kawo gyaɗa kasuwa, masu jiran motar Madani da ta Damazin, duka can. Baba ya bar butarsa da wani tsohon bargo a rataye a jikin ƙusa a ƙarƙashin rakubar, ba ya komawa da su. Duk lokacin da na shiga gidan idona a kansu yake fara sauka.

Wata rana matar taubashina ta aiko wa matata da ɗan ƙullin daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce an kawo musu tsaraba da yawa, ga namu. Na dawo na tarar da matata zaune ta ajiye ƙullin a gabanta. Ta ce daddawar Inna ce, ta san ɗaurinta, da ita ake yi lokacin da take gidan. Da muka bincika, Inna ce ta ba wani fasinja ta ce ya kai wa yaran nan a Sinnar, shi kuma bai san wani gidan yara ba sai na bayan tasha. Babu wanda ya yi laifi. Matar taubashina ma ta kyauta da ta raba. Amma matata ta ɗora ƙullin a kan kantar ɗaki, ta daɗe ba ta sa shi a miya ba, ni kuma ban tambaye ta dalili ba.

Abin da ya fi tsaya mini ya faru ne da Babbar Salla, da muka je gida. Muna zaune a ƙofar gida bayan an sauko daga idi, wani dattijo ya ce zai kai matarsa asibiti a Sinnar bayan salla, bai san kowa ba. Baba ya ce masa:

"Ka sauka gidanmu. Yana nan bayan tasha, akwai darbejiya a ƙofa."

Ina zaune kusa da ƙafarsa ya faɗi haka. Ba na jin ya faɗa don in ji, Baba ba mai habaici ba ne. Hanya yake kwatantawa kawai.

Daga nan na fara wasu abubuwa da in na tuna yanzu nake mamakin kaina. Na sayi sabon angarib da katifa na sa a ɗakin gaba, matata tana kakkaɓe shi kullum, babu mai hawa. In na je gaishe da Baba a bayan tasha, sai in sami hanyar ambaton cewa famfonmu bai taɓa ɗaukewa ba, ko in yi maganar ƙudan da ke unguwar. Baba ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Taubashina yakan yi mini ƙorafi, ya ce baƙi sun cinye shi, wani lokacin shi da matarsa a madafi suke kwana, ya ce in yana da irin gidana da ya yi ƙiba. Ni a kunnena alfahari yake yi. Yanzu ina ganin mai yiwuwa da gaske yake, domin matarsa ta rame a wannan shekarar, kowa ya gani. A lokacin ban yarda ba. Ina fitowa daga gidan ina jin ƙaurin hayaƙinsu a rigata, ina jin haushinsa har in isa gida.

Ana nan idon Baba na dama ya yi yana. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin sai ya zauna a gari na ɗan lokaci, inda babu hayaƙi babu ƙura, ana ɗiga masa magani a kan lokaci. Ban ji daɗin ciwon ba, Allah ya sani. Amma da likitan ya ambaci hayaƙi, sai na ga dama ta samu. A bakin asibiti na ce wa Baba wannan karon a wurina zai zauna.

"Ina da masauki," in ji shi.

"Baba, gidan ɗanka ne."

"Na sani. Yaron nan bai yi mini komai ba. Me zan ce wa uwarsa?"

Na koma gida da maganar. Matata ce ta ce baƙo ba ya tashi da kansa, amma mai masauki yana iya miƙa shi, in je in roƙi taubashina. Na yi ta juya maganar a raina, ina neman wata hanyar, ban samu ba.

Na same shi a tasha wurin mai shayi, ya jingina da raksharsa. Na ja shi gefe na faɗa masa a hankali. Ya sa hannu a kunne ya ce ƙarar inji ta lalata masa ji, ubangida ya ɗan ɗaga murya. Na sake faɗa. Ya juya wurin mai shayin ya ce ta zama shaida, ga mutumin da ya gudu bakin madatsa don kada baƙi su same shi, yau ya zo aron baƙo. Direbobin da ke wurin suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma ta yaƙe ce. Da ya ga haka sai ya bar wasan, ya ce in bar masa, shi ma hayaƙin yana damunsa, murhun matarsa ba ya mutuwa.

Da yamma a gabana ya durƙusa ya ce wa Baba:

"Kawu, ni nake roƙonka. Likita ya hana hayaƙi, ka ga gidan nan. Aronka na ba shi, in ka warke zai dawo mini da kai."

Baba ya ce to, tunda kai ka ce. Bayan an yi aikin, taubashina da kansa ya ɗauko shi a raksha ya kawo shi, yana tafiya a hankali saboda ramuka. Na lura butar da bargon ba su biyo shi ba. Na shimfiɗa masa a kan sabon angarib. Ranar na yi farin ciki irin wanda ban yi ba tun ranar da sakamakon jarrabawata ta ƙarshe ya fito.

Na kula da maganin yadda aka ce, ban taɓa saɓa lokaci ba. Matata ta yi masa tuwon dawa da miyar kuka yadda yake so. Amma akwai abin da ban hango ba duk zuwan da na yi duba gidan. Tsakar gidan ƙarama ce, kuma duk mai zuwa banɗaki sai ya wuce ta ƙofar madafi. Baba yana kunyar surukarsa. In tana tsakar gida ba ya fitowa, ba ya cin abinci tana jin motsinsa, ba ya neman ko ruwan alwala. Da ta gane, sai ta riƙa shiga ɗaki tana rufe ƙofa don ya sake, ta wuni a ciki da zafin nan. In na dawo na zauna kusa da shi, in tambaye shi jiki ya ce alhamdu lillahi, in tambaye shi ko akwai abin da yake so ya ce babu. Hirar ke nan. A masallacin unguwa mutane suka karɓe shi da mutunci, suna yi masa sannu da Larabci, yana amsawa a taƙaice. Yana jin Larabci sarai, hirarsa ce dai ba da shi yake yi ba.

Masu zuwa dubiya kuwa daga boksi bayan tasha suke nufa. A ce musu ai yana wajen madatsa, sai an hau raksha, sai a jira mai gida ya dawo ya kai su. Kaɗan suka iso, su ma a tsaitsaye, suna duba rana kada motar ƙarshe ta tafi ta bar su. Yawanci a can suke barin gaisuwa da tsaraba su juya. Da yamma taubashina ya zo ya zayyana wa Baba waɗanda suka zo. Lokacin ne kaɗai Baba yake tashi zaune. Ya tambayi ko an saki ruwa a tur'a, wa ya fara cirar gyaɗa, ɗiyar wane ta haihu ko da saura. Taubashina ya ƙara gishiri, Baba ya riƙe gefen fuskarsa kada dariya ta taɓa idon. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da kwalbar magani a hannu, ina jira su gama. Gidana ne, angarib ɗina ne, amma sai da mutumin nan ya shigo Baba yake zama Baban da kowa ya sani. Akwai ranar da na ce wa taubashina likita ya hana yawan surutu. Ba na jin likita ya faɗi haka.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da Baba a ƙofar waje, zaune a ƙasa ya jingina da bango, da baƙin tabarau a fuskarsa, yana fuskantar titin da babu kowa a kansa. Na gaishe shi. Ya tambaye ni ko boksin garinmu ya shigo da wuri yau. Na ce ban sani ba. Ya ce haka ne, nan ba a jin su.

Washegari na je wurin likita na tambaye shi ko haɗarin ya wuce. Ya ce in dai za a nisanta shi da murhu kuma a ci gaba da magani, babu damuwa. Na sake tambaya ta wata fuskar, ina jin ina fatan ya ce a'a. Ya maimaita abin da ya faɗa.

Bayan la'asar na zauna kusa da Baba na ce:

"Baba, ko in mayar da kai?"

Cewa ya yi yarinyar nan ta sha wahala, in gaya mata Allah ya yi mata albarka. Bai ce e ba. Amma yana maganar ƙafarsa tana laluben takalmi a ƙarƙashin angarib.

Ban kira taubashina ba, wata rakshar na tare, na kai shi da kaina. Muna shiga wata tsohuwa 'yar ƙauyenmu da ke jinyar jikanta ta ce ga mai gida ya dawo, aka yi ta sannu da zuwa, aka janye yara daga kan angarib ɗinsa. Na roƙi matar taubashina ta mayar da murhu bayan ɗaki, ta mayar. Na ci gaba da zuwa safe da yamma ina ɗiga masa magani har ya warke ya koma ƙauye.

Da shekarar karatu ta ƙare na ce wa matata ina so mu tashi. Ba ta so ba. Ta saba da maƙwabta, ga ciki ya fara nauyi, ga ruwa. Ta ce in don Baba ne, in sani ko a jikin katangar taubashina muka tare ba zai canza masauki ba. Na ce na sani. Ta tambaye ni to don me. Na kawo mata dalilai, kusa da asibiti, kusa da masu taimaka mata in ta haihu, kuma duka gaskiya ne. Ta saurara ta ce, Ustaz, kawai ka ce kana so ka ji in ya shigo gari. Ban musa ba.

Gidan da muka samu yana 'yan layuka bayan na taubashina, kuma bai kai shi kyau ba. Babu bishiya, rufin ɗaki ɗaya yana yoyo, makaranta ta yi mini nisa. Matata ta koma jiran mai amalanke, kuma ta daɗe tana tuna mini da famfon duk ranar da bai zo ba. Baƙi sun zo mana daga baya, waɗanda ba su riga sun yi masauki ba, ƙannenta, da ɗalibai masu zuwa jarrabawa, da amaren da aka kawo awon farko. A hankali tsakar gidan ta cika, har na kama kaina ina ƙorafi irin na taubashina.

Baba kuwa in ya shigo gari, kafin ya gama shan ruwa labari ya iso mini. Bayan la'asar yakan tako da ƙafa ya zo, ya zauna a ƙarƙashin rakubar da na kafa, a kawo masa abinci ya ci, tunda nan madafin yana can baya. Da muka sami ɗiya yakan ɗora ta a cinya ya ce wannan amaryar tasa ba ta iya tuwo ba, zai sake ta. A wurinta na riƙa jin dariyar nan a cikin gidana. Ana kiran isha'i sai ya miƙe. In raka shi masallaci, daga nan in raka shi har gindin darbejiya, ya ce in koma haka nan, sai da safe. Taubashina yakan leƙo ya ce, ranka ya daɗe, an dawo mini da kayana lafiya? In ce masa ya duba. Muna dariya, amma ban taɓa juyawa daga ƙofar nan raina fes ba. Har Allah ya karɓi ran Baba bai sake kwana a gidana ba.

Yanzu yaƙi ya watsa mu, waɗanda suka san waɗannan gidaje wasu suna Damazin, wasu sun yi gabas, wasu ban san inda suke ba. Matata ta ce ita ta fara cewa a mayar da Baba, ba ni ba, kuma ta ce ba a ƙofar waje na same shi ba, a bakin ɗaki ne. Taubashina, da muka yi waya, ya rantse bai sa ni maimaita roƙo a gaban direbobi ba. Mai yiwuwa suna da gaskiya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sauka a gidan bayan tasha a waɗannan shekarun, in wannan rubutu ya kai gare shi, ya aiko mini da gyara a inda na kuskure, zan karɓa. Musamman ina so in ji daga waɗanda suka riƙa zama da Baba a ƙarƙashin rakubar nan lokacin da ba na nan, ko ya taɓa yin maganar gidana, da abin da ya ce.